Ta Halal Tana Nan Kyauta, Don Me Muke Aiki da ta Sata?

Duk wanda ya bi titin da ya taso daga Kano ya ratsa Kankiya ya nufi Katsina, in ya lura da kyau, zai ga wata sana'a da iyayenmu ba su san ta ba ta kafu a gefen hanya, tsakanin masu sayar da katin waya da masu gyaran babur, watau sana'ar buga takardu da kwamfuta. Kuma ko da yake shagunan ƙanana ne, galibi ba su wuce tebur biyu da firinta ɗaya da ɗan janareto a bakin ƙofa ba, a cikinsu ne ake rubuta mafi yawan abin da jama'ar Kankiya da Kusada suke miƙa wa hukuma ko makaranta, tun daga takardar neman aiki da yarjejeniyar cinikin gona, har katin ɗaurin aure da tambayoyin jarrabawa da kundin binciken da ɗalibi yake gabatarwa kafin a ba shi shaidar kammala karatu. Aikin da akawu yake yi da tafireta a zamanin En'e ya koma hannun samarin nan, kuma sun cancanci yabo, domin da guminsu suke ci.

Sai dai akwai wata magana da kowa ya sani amma ba a son faɗa, ita ce manhajar da ake wannan aiki da ita, a shago da ofis da makaranta, sau da yawa ba saye aka yi ba, fasa makullinta aka yi. Mai gyaran kwamfuta ya zuba maka ita daga filas ɗinsa, ya ce ka kashe maganin bairos tukuna don kada ya kama abin da ake fasawa da shi, kai kuwa ka kashe da hannunka, sa'an nan bayan wata biyu ka zo kana salati saboda fayilolin mutane sun ɓace. Na san akwai masu cewa wannan ba sata ba ce, tun da kwafi ba ya rage wa mai abu komai. Amma Majalisar Fiƙihu da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar da ta yi a Kuwait cikin Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abin kiyayewa ne a shari'a, bai halatta a keta shi ba, ita ma Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta sanya manhajar kwamfuta cikin abubuwan da take karewa. Hujjar da ta rage wa mutanenmu ita ce lalura, cewa kuɗin lasisi ya fi ƙarfin mai shagon da ke karɓar ƴan canji a kan kowane shafi. To amma ɗalibin da ya zauna gaban malami ko da na shekara ɗaya ya san lalura ba ta halatta abin da aka hana sai an rasa na halal da zai tsaya a madadinsa, alhali kuwa a wannan mas'ala ba a rasa ba.

Abin da nake nufi shi ne manhajar da ake kira LibreOffice, wadda asalinta ya fi yadda ake zato tsufa. Wani kamfanin Jamus mai suna StarDivision ne ya fara ta da sunan StarOffice. Kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya saye shi a 1999, ya saki asirin ginin manhajar ga duniya a 2000 da sunan OpenOffice.org; da kamfanin Oracle ya haɗiye Sun a 2010, sai masu aikin sa kai da suka daɗe suna yi mata hidima suka ji tsoron kada a mayar da ita gida a kulle, suka ware a ranar 28 ga Satumba na wannan shekara suka kafa gidauniyar The Document Foundation, wadda mazauninta yake Balin, fitowar farko kuma ta zo a Janairu na 2011. A cikinta akwai Writer na rubutu, da Calc na lissafi da jadawali, da Impress na gabatar da lacca ta majigi, da wasu uku na zane da adana bayanai da rubuta alamomin hisabi. Matsayinta, in mun auna da ma'aunin da muka sani, kamar rijiyar wakafi ne: kowa ya ɗiba, ya ba maƙwabcinsa, mai iya yasa ya yasa ta, sharaɗin kawai kada wani ya kewaye ta da katanga ya ce tasa ce shi kaɗai. Saboda haka in mutum ɗaya a Kusada ya sauko da ita daga shafin gidauniyar, abin da bai kai rabin gigabayit na data ba, ya halatta gare shi ya zuba ta a filas ya kai Yashe da Mawashi, ya sa wa kwamfuta ɗari, babu wanda ya zalunta. A kula dai kada a yi kuskure a ɗauko ƴar'uwarta Apache OpenOffice, wadda tun 2014 ba ta sami babban sabuntawa ba, ba ta kuma iya adana takarda a tsarin Word na yanzu. Ita kuwa WPS da ta cika wayoyin ɗalibai, kyauta ce amma ba wakafi ba ce, asirinta yana hannun masu ita.

Da zarar an kawo wannan magana sai a ce araha ba ta ado, wai an gwada, takardar da aka tsara da kyau ta wargaje da aka buɗe ta a wata kwamfutar, shafi goma ya koma sha ɗaya, wurin sa hannu ya tsallake ya zauna shi kaɗai a shafi na gaba. Ban musa ba, hakan yana faruwa. Abin da na musa shi ne a ɗora wa manhajar laifin duka, domin in an bi diddigi, illar takan fito daga ɗayan abu uku. Na farko zubin haruffa: Writer yana fara rubutu da wanda ake kira Liberation Serif, wanda faɗin haruffansa daidai yake da na Times New Roman amma ba a cika samunsa a kwamfutar da ba ta da LibreOffice ba, don haka maganin shi ne a shiga Tools, a zaɓi Options, a ƙarƙashin LibreOffice Writer a buɗe Basic Fonts, a mayar da su Times New Roman, wanda dama shi makarantunmu suke shardantawa. Shi kansa kamfanin Microsoft ya sauya zubin da yake farawa da shi daga Calibri zuwa Aptos tun daga 2023, har takardar sabon Word takan goce in an buɗe ta a tsohon Word, ba wanda ya ce Word ya lalace. Na biyu girman takarda, domin kwamfutocin gwanjo da suka fito daga Amurka sukan zo a saite kan takardar can, mu kuwa A4 muke sayowa a kasuwa. Na uku, wanda ya fi su duka yawa kuma ya fi su wuyar magani saboda ɗabi'a ce, shi ne mai bugu ya riƙa tura rubutu tsakiya da madannin tazara, ya riƙa danna Enter sau ashirin don ya kai sabon shafi, alhali Ctrl da Enter tare sun isar masa, kuma abin da aka yi da su ba ya gocewa ko ina aka kai takardar. Wanda yake so ya ga aibin aikinsa da idonsa, ya danna Ctrl da F10, duk tazarar da ya cusa za ta bayyana ɗigo-ɗigo.

Mai shagon da abokan cinikinsa suke tafiya da fayil a hannu, ya kamata ya shiga Load/Save a cikin Options ɗin nan, ya umarci manhajar ta riƙa adanawa a tsarin docx kullum, ya huta da bayani. Amma abin da aka gama, ba a bukatar kowa ya taɓa shi, kamar takardar neman aiki ko sanarwar taro, a fitar da shi a PDF, wanda yadda ka bar shi haka zai isa Katsina ko Abuja. Akwai ma wata hikima da ban ga an cika amfani da ita ba: wurin fitarwa in aka zaɓi Hybrid PDF, sai ainihin takardar ta ɓuya a cikin fayil ɗin, mai karatu ya karanta kamar kowace PDF, mai LibreOffice kuma ya buɗe ya gyara kamar bai taɓa rufewa ba. A wannan shafi na Load/Save ne kuma ake rage mintocin da manhajar take jira kafin ta adana aiki da kanta. An saba barinsu goma, amma a garin da wuta take ɗaukewa ba sallama, batirin kwamfutar kuma ya daɗe da mutuwa, uku sun fi dacewa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, watau rubutun harshenmu. Tun cikin shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu ƙugiya a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 ta yi aiki da su a zamanin da sai an jera harafin dalma da hannu ɗaya bayan ɗaya. Abin kunya ne a ce yau, da na'urar da ta fi tasu sauƙi nesa ba kusa ba, katin gayyata da tambayoyin jarrabawar Hausa suna fita ba ƙugiya ko ɗaya. A cikin Writer kowane harafi yana da lamba: a rubuta 0199 a danna Alt da X, sai ƙ ta fito, 0257 na ɗ ne, 0253 na ɓ, 01B4 na ƴ, manyansu kuma 0198 da 018A da 0181 da 01B3. In harafin da ya gabata yana cikin a zuwa f, kamar a kalmar baƙo, sai a fara sa U+ kafin lambar don kada manhajar ta haɗa su ta lissafa tare. Wannan na mai bukata jefi-jefi ne. Mai rubutun Hausa kullum gara ya ƙara allon madannai na Hausa da ke cikin saitin harsunan Windows, ko ya sa manhajar Keyman, ita ma kyauta ce. Jan layin da yake bin ƙarƙashin kowace kalmar Hausa kamar malami ya yi fushi, Shift da F7 suna kawar da shi. Karambanin da take yi na juya alamar hamza a kalmomi irin su 'ya'ya, ko sauya kalma da wadda take zaton ita ake nufi a Turanci, ana hana shi ta cire alamar While Typing a ƙarƙashin AutoCorrect.

Ga malaman Islamiyya da na zaure kuwa, waɗanda suke bukatar Larabci da ajami a takarda ɗaya da boko, a nan ne na ga wannan manhaja ta yi abin a yaba. In aka shiga sashen harsuna na Options aka kunna Complex text layout, sai alƙalami ya iya tafiya daga dama zuwa hagu. Ctrl da Shift da D suna juya sakin layi zuwa dama, Ctrl da Shift da A suna dawo da shi. Tana zuwa da zubin Amiri, wanda wani Bamisre mai suna Khaled Hosny ya zana bisa koyi da haruffan tsohuwar maɗaba'ar Bulaƙ ta Alƙahira, kuma ya dace da matani da sharhi irin na littattafan gabas. Amma mu da muka tashi da allo da ruwayar Warshu, muka saba da fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, idonmu ya fi natsuwa da wasu zubi biyu da ƙungiyar SIL ta fitar kyauta, Harmattan da Alkalami, na biyun ma an zana shi ne musamman bisa rubutun Kano mai kauri da muka gani a hannun alarammomi. Ita SIL ɗin ƙungiya ce mai tushe a aikin mishan, kuma ban faɗi haka don in hana kowa amfani da aikinta ba, sai don in tuna wa jikokin malaman Katsina irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani cewa hidimar da ta wajaba a kansu wasu ne suka riga su yi. Wanda ya yi rubutu da irin waɗannan haruffa, ya buɗe Properties a ƙarƙashin File ya umarta a cusa zubin cikin takardar, ko ya fitar da ita a PDF, in ba haka ba za ta isa hannun mai firinta ta zama ƴan akwatuna.

Ɗaliban makarantar koyon aikin kiwon lafiya ta Kankiya, da ƴaƴanmu da suke karatu a Dutsin-Ma da Katsina, kowace shekara suna ɓata kwanaki a kan abu biyu, fihirisar kundi da lambar shafi. Fihirisa ba a buga ta da hannu: in aka ɗora kan kowane babi aka danna Ctrl da 1, kan kowane fasali kuma Ctrl da 2, sai a shiga Insert a ce a kawo Table of Contents, ta jeru da kanta da lambobinta, in malami ya sa aka ƙara shafi uku a babi na biyu, dannawa ɗaya ta isa ta daidaita. Su kuwa shafukan farko da ake so da lambar Rumawa, na godiya da sadaukarwa, sai a ware musu salon shafi nasu, a ƙarshensu a sa Manual Break, a zaɓi salon sauran kundin, a ce lamba ta fara daga 1. Rabin sa'a ya isa a koyi wannan, kuma wanda ya koya a Writer ya iya a Word, domin ƙa'idar ɗaya ce.

Ba zan daɗe a kan Calc ba, sai dai in ja kunnen ma'aikatan albashi da masu tattara sunayen manoman da za a ba taki: lambar waya mai farawa da sifiri, da lambar asusun banki mai alƙaluma 10, manhajar lissafi kowace iri tana ɗaukarsu adadi ne ta yar da sifirin farko, sai an mayar da layin ya zama na rubutu kafin a fara shigarwa, ko a sa alamar hamza gaban lambar. A kuma saita yanki ya zama na Turancin Ingila don 3/4 ta zama uku ga Afrilu; alamar naira lambarta 20A6. Malamin aji da yake fitar da na ɗaya da na biyu da ƙidayar yatsa ya nemi a nuna masa RANK, hedimastan Islamiyya mai rubuta shahadar sauka ɗari da hannu kuma ya nemi a nuna masa Mail Merge, wanda yake ɗebo sunaye daga jadawali ya zuba kowanne a takardarsa.

Impress shi ne aka fi kuka da shi, kuma a nan kukan yana da ɗan tushe, domin rawar da PowerPoint yake sa rubutu ya yi ba duka take tsallakowa lafiya ba. Ni a ganina hasarar ba ta da yawa, don ban taɓa jin wanda ya fahimci allurar rigakafi ko tsarin darasi saboda kalmomi sun shigo suna juyi ba. Mai zuwa taron bita a sakatariyar ƙaramar hukuma ya riƙe abu kaɗan: ya tambayi siffar majigin wurin, tsohon mai kusan murabba'i ne ko sabon mai faɗi, ya daidaita allunansa a Slide Properties, hotunan waya da suke kumbura fayil ya rage musu nauyi da Minimize Presentation a ƙarƙashin Tools, in akwai bidiyo ya ɗauko shi daban a filas ɗin, ya kuma tafi da kwafin PDF, wanda ko kwamfutar wa aka ara zai buɗe. F5 ne yake fara nuni, harafin B kuma yana baƙanta allo in mai magana yana so idon jama'a ya dawo kansa, abin da ya kamata ya riƙa yi fiye da yadda ake yi, maimakon ya juya wa mutane ƙeya yana karanta musu abin da suke gani.

Adalci ya wajabta in faɗi inda ba ta kai ba. Ofishin da aka gina aikinsa a kan wani jadawalin Excel mai umarni na musamman a ciki, wanda aka turo daga ma'aikatar jiha ko wata ƙungiyar agaji, kada ya yi gaggawar sauyawa. Ya sayi lasisi na gaskiya ga wannan kwamfuta ɗaya, sauran su koma ta kyauta. Kwamfutar da har yanzu take kan Windows 7 kuma ba za ta ɗauki sababbin fitowa ba, sai ta tsaya a kan fitowar 25.2, wadda ake samu a ma'ajiyar gidauniyar. Haka nan sauyi ba ya yiwuwa da takardar umarni kawai: birnin Munik na Jamus ya yi shekaru fiye da goma a kan manhajojin wakafi, majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows a 2017; amma a ƙasar dai, jihar Schleswig-Holstein ta yanke a 2024 za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kimanin 30,000 kan LibreOffice, ba don talauci ba, sai don kada takardun hukuma su zauna a tsarin da kamfani ɗaya yake riƙe da mabuɗinsa. Tsarin asali da LibreOffice take adanawa da shi hukumar ma'auni ta duniya ta amince da shi tun 2006, kowa yana iya karanta ƙa'idarsa. Office 2016 da 2019 kuwa, da Windows 10 kansa, kamfaninsu ya janye musu tallafi na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba na 2025, watau har wanda ya saya da kuɗinsa an ce ya sake shiri.

Don haka ina kira ga sakatarorin ilimi na Kankiya da Kusada, da shugabannin makarantun sakandare, da duk mai wakiltar mazaɓar Kankiya da Kusada da Ingawa da zai raba kwamfutoci da sunan aikin mazaɓa, su shardanta a sa LibreOffice a kan kowace kafin a miƙa ta, a kuma ware yini ɗaya a koya wa malamin kwamfuta saite-saiten nan. Malaman da suke karɓar aikin ɗalibai su yarda da PDF, su daina tilasta wa yaron da ba shi da kuɗin rajista ya nemo manhajar sata. Ku kuma masu shaguna, ƙannena, ban ce ku goge abin da kuka saba da shi yau da dare ba, domin biyun suna zama a kwamfuta ɗaya ba faɗa. Ku sa ta, ku fara da wasiƙu da katunan biki, in zangon karatu ɗaya ya wuce hannunku ya faɗa, ku cire ta satar.